Akwatin sola a bangon alƙibla

Na iso Djougou daga Parakou, na tarar mahaifiyata ta lulluɓe regilatar da mayafi, akwatin nan da ke tsakanin panon sola da batir. Ya yi zafi rau, wuta sai yankewa take yi.

Na yaye mayafin na ce, "Inna, ai iska yake so."

Ta ce, "A bangon alƙibla yake. Ina salla 'yar fitilarsa tana ƙifta mini ido."

"To a mayar da shi wani bangon."

"Babanku ne ya kafa shi da hannunsa, Allah ya jiƙansa. Ba mai taɓawa."

"A liƙe 'yar fitilar kaɗai mana."

"In san batir ya cika ta ina?"

Jama'a, har yanzu mayafin yana hannuna. Ku da kuka san halin iyaye, ya zan yi?