Babbar Riga a Bakin Zarto

Har yau idan na ji wani ya ce ƙaddara ce ta cinye hannun yayana, sai raina ya ɓaci. Na yarda da ƙaddara kamar kowane Musulmi. Amma ina wurin, da idona na gani, kuma abin da na gani babbar riga ce da son burga na wani mutum.

Bayan yaƙin basasa ne, lokacin Kontagora tana ƙarƙashin Sakkwato, ba a kai ga yin Jihar Neja ba. Gine-gine sun tashi, kowa na son ƙofa da taga masu ado. Ni da Yaya kafintoci ne, dukanmu magidanta, muna aiki a rumfar wani Alhaji ɗan kwangila a bayan tashar mota. Shi ya sayo injin zarto: tebur na ƙarfe, faifan zarto ya leƙo ta tsakiyarsa, injin gas na juya shi da bel. In aka tayar da shi, har cikin kasuwa an san mun fara aiki.

Aikin Yaya shi ne fitar da ado, wato siraran katakon nan masu kwarmi da tudu da ake bin gefen ƙofa da saman kabad da su. Maɗaci muka fi amfani da shi, wanda ake kawo mana daga wajen Beri. Katakon bai fi faɗin yatsa biyu ba, ga shi dole ka yi ta bi da shi ta bakin zarto, kana ɗaga faifan kaɗan-kaɗan har kwarmin ya fito sumul. Shi yake turawa, ni ina ɗaya gefen ina tarba.

Yaya na tsoron injin nan, kuma ba ya ɓoyewa. Ya sassaƙa sandar turi mai ɗan baki, da ita yake tura katako don kada yatsunsa su kusanci haƙoran. Ba ya tsayawa daidai bayan faifan, saboda katako kan yi tutsu ya dawo da ƙarfi. In yana yanka ba ya amsa sallama, ko ta liman ce. Kuma da singileti yake aiki, rani da damina. Mukan tsokane shi mu ce a gari malam, a rumfa ɗan dambe. Sai ya ce mu yi ta faɗa, shi dai yana son yatsunsa.

Wata Juma'a muka taso daga masallaci, muka biya ta rumfa don mu rufe. Yaya na sanye da farar babbar rigarsa da ta sha bugu, ba 'yar ciki a ƙarƙashi sai singileti, don zafi ake yi. Muna cikin tattara kaya sai ga Alhaji da baƙo daga Sakkwato, wani babban mutum da yake ta lallaɓawa ya ba shi aikin ƙofofin wasu gidaje. Muka rusuna muka gaishe su.

Alhaji ya sa yaron da ke kula da injin ya tayar da shi, ya juyo wajen Yaya. "Fitar mana da ado ɗaya, ranka ya daɗe ya ga aikin Kontagora."

Yaya ya kama wuyan rigarsa zai cire.

"Me za ka yi haka?" Alhaji ya harare shi. "A gaban baƙo za ka tsaya da singileti kamar ɗan dako? So kake a ce ba mu san mutunci ba?"

"Alhaji, hannun rigar ne."

"Naɗe shi mana! Kai kaɗai ne mai riga a garin nan? Yanka ɗaya ne fa."

Ni ba ni da haƙurin Yaya. Na ce, "Alhaji, wallahi ba a yin haka." Yaya ne da kansa ya ce in yi shiru. Babba ya yi magana a gaban baƙonsa, a wurinsa an gama. Ya naɗe hannuwan rigar a kafaɗa, ya ɗauki sandar turinsa, ya yi bisimilla.

Duk wanda ya taɓa sa babbar riga ya san naɗin kafaɗa ba ya zama. Kana tafiya yana zamewa kana mayarwa, shi ne ma adon. Amma mai tura katako hannuwansa biyu a kan aiki suke. Katakon ya kai rabi, na riga na kama bakinsa, sai na ga naɗin dama ya sulale ya faɗo kan tebur. Haƙoran suka cafke shi. Ƙarar zarton ta canza, rigar ta fizgo hannun. An kashe injin, amma bel ba ya tsayawa nan take.

Baƙon ya yi salati ya ja da baya, yana duba gaban rigarsa ko jini ya taɓa ta. Wannan duban ban taɓa manta shi ba. A bayan motar katako muka kai Yaya asibiti, motar baƙon na nan a inuwa. Likita ya samu ya bar masa babban yatsa da rabin tafi.

'Yan dubiya suka yi ta zuwa, Alhaji ma ya zo da goro. Kowa ya zauna sai ya ce ƙaddara, sai haƙuri. Ba wanda ya ambaci riga. Da na ambace ta, dattawan gidanmu suka ce ba ni da tawakkali, kuma ina neman ɓata sunan mutumin da ya rufa mana asiri. Alhaji ya samu aikin ƙofofinsa. Ni na kwashe kayan aikina na bar rumfar, kuma ban sake gaishe shi ba sai dai in hanya ta matse mu.

Ciwon ya warke. Yaya ya kafa ɗan tebur a kasuwa yana sayar da ƙusa da kwaɗon ƙofa, na ɗauka mafi munin abin ya wuce. Ashe da saura.

A gidanmu maza a zaure suke cin tuwo, kwano ɗaya. Ranar da ya fara fitowa cikinmu bayan magariba, ya wanke hannu, ya miƙa na dama yadda ya saba. Ya gutsuro, lomar ta ƙi haɗuwa, ta faɗo a gefen kwano. Ya sake, ta sake faɗowa. Ya ɗan ɗaga na hagu, sai ya dubi ƙanen babanmu da ke zaune gabansa, ya mayar da hannun kan cinyarsa. Kowa ya sunkuyar da kai yana ci. Ya ce alhamdu lillahi, ya ƙoshi, ya tashi.

Daga ranar a ɗaki ake kai masa abinci, ya tura ƙofa. Na roƙe shi, na yi masa faɗa, na ce mu ci ni da shi kaɗai, ya ci da duk hannun da ya ga dama. Sai ya yi murmushi ya ce in je in ci kada ya huce. Ya yi tsawon rai bayan haka, ya aurar da 'ya'ya, ya ga jikoki. Ban sake cin abinci kwano ɗaya da yayana ba har muka kai shi makwancinsa.