Kifin da Na Kai Nguru

Shekara tara ina bandar tarwaɗa a Gashua kafin yayar mijina ta kashe mini kasuwa. Ita ma kifi take sayarwa a Nguru. A gidan biki, gaban mata, ta ce wai ina fesa wa nawa fiya-fiya don kada ƙwari su ci. Na ce, "Ba komai, Yaya." Haka nake cewa a kan komai, sai in koma ɗaki in ƙi cin abinci. Masu saye suka janye. Na kife gangar banda, na daina fita, har ciwon kai ya kai ni asibiti.

Likitar, yarinya ce sa'ar 'yata, ta ce damuwa ce. Ta ba ni littafi, ta ja layi a tsakiyar shafi. Ta ce kullum in rubuta abin da zuciyata ta faɗa mini a dama, abin da hannuna ya yi a hagu. Ni da na koyi biro a ajin yaƙi da jahilci, baƙi ɗaya-ɗaya nake ɗorawa kamar mai jera ƙwai. Amma a kan Yaya hannuna gudu yake. Allah ya sa kwalin kifinta ya jiƙe a mota. Allah ya sa ɓera ya shiga shagonta. Sati uku ina cika dama, hagu fari fat.

Likita ta karanta, ta danne dariya.

"Mama, littafin nan naki ne ko na Yaya?"

"Ita ta jawo."

"To ita tana can tana ciniki. Ke me kika yi ranar Talata?"

Ranar Talata kwance na wuni ina tsara maganar da ba zan taɓa faɗa ba.

Abu na farko da ya shiga hagu shi ne: na tayar da ganga. Sai da na ƙara kwana huɗu ina kallonta, har na so in yaga shafin. Sannan na aika ƙauyen Dagona aka kawo tarwaɗa. Ba don lafiyata na hura wutar nan ba, gaskiya, don Yaya na hura ta.

Da aka yi suna a gidan 'yar Yaya a Nguru, na kai kwali guda ta ƙofar baya, na ba masu girki. Aka zuba miya. Yaya ta cinye, ta tsotse kan, ta ce a ƙaro, tana tambayar kifin wa ne wannan.

Na bari ta haɗiye tukuna.

"Nawa ne, Yaya. Fiya-fiyar ta ji kuwa, ko a ƙara miki?"

Matan da suka ji waccan magana su ne suka ji wannan. Biyu a cikinsu suka biyo ni tasha suna neman kwali-kwali.

Na rubuta shi duka a hagu, har ya tsallake layin likita.