Injektocin da Baba ya goge

Motar mahaifina ba ta da ƙabila. Jikinta daga Faransa ya zo, tun ina goye ake hawansa. Injinta na asali ya gaji ya kwanta, aka sa mata wani ɗan Beljiyam, wato na gwanjo, da aka ce na motar Japan ne, kuma wanda ya sayar da shi ma bai yarda ya rantse ba. In ka tambayi Baba wace irin mota ce, sai ya ce, "Mota na ne." Duk unguwarmu a Kafanchan an san ƙararta. Matan layinmu kan fara janye cittar da suka shanya a bakin hanya tun kafin ta ɓullo.

Baba tsohon ma'aikacin reluwe ne. Ya yi ritaya, amma hannunsa bai yi ba. A wurin aiki aka koya masa cewa ƙarfen da ba ya ƙyalli na malalaci ne, shi kuwa ya riƙe wannan karatu kamar ayar Littafi. Kwaɗon ƙofa ya sha guga, cokula sun sha, murfin tukunyar Mama kuwa har sirancewa ya yi.

Mu 'ya'yansa mun daɗe muna so ya bar tuƙi. Ya taɓa hawa kan tulin doya a bakin kasuwa, ya ce doyar ce ta shigo hanya. Asibitin ido kuwa ko a yi masa maganarsa ba ya so. Sai muka ƙulla ta waya cewa duk ranar da motar ta sake lalacewa, a bar ta ta kwanta. Ni ce ke zaune kusa da gida, don haka ni aka ɗora wa aikin. Baba ya san da ƙullin, domin a gidanmu duk sirrin da ya biya ta wurin Mama ya zama sanarwa.

Ana saura kwanaki kaɗan bikin godiyar kaka a cocin ƙauyenmu, can wajen Madakiya, Baba ya buɗe bonet don ya yi wa inji kwalliya. Ya ciro injektoci, 'yan ƙananan abubuwan nan huɗu da ke fesa wa inji mai, ya zauna a gindin mangwaro da samfefa ya yi ta gurza har suka yi fes. Da ya mayar, mota ta tashi tana kakkarwa kamar mai zazzaɓi. Ɗaya daga cikin injektocin ya mutu.

Na ce masa a bar ta, mu ɗauki shata. Ya ce tun da ya sayi mota bai taɓa isa bikin godiya a motar wani ba, kuma ba bana zai fara ba. Haka na bi shi zuwa gareji, da niyyar in tabbata gyara bai yiwu ba.

Makanikensa tsohon abokinsa ne, Bahaushe, wanda kakanninsa ke kasuwanci a garin tun zamanin shimfiɗa layin dogo. Malam muke ce masa. Ya ɗaga injektan ya juya shi a rana, ya sake juyawa.

"Dattijo, ina lambar?"

"Wane lamba?" in ji Baba.

"Kowane injekta da lambarsa a jiki. Da ita nake gane irinsa."

"Ba wani lamba. Datti ne kawai na cire."

Malam ya yi dariya har sai da ya dafa mota. Ya ce da motar da injinta na asali take, da ido rufe zai faɗi irinsu. Amma wannan injin baƙo ne, injektocin ma ya ga alamar ba da su aka haife shi ba. In ya sa wanda ya fi fesawa, za mu isa coci cikin baƙin hayaƙi. In ya sa wanda bai kai ba, tudun farko za ta zauna. Ni dai raina fari ƙal, na fara shirya albishir ɗin da zan yi wa yayyena.

Ashe na yi saurin murna. Malam ya jawo wani tsohon baho cike da injektocin da ya ciro daga motoci iri-iri, ya tsamo waɗanda suka yi kama da na Baba. Ya haɗa su da famfon mai da batir, tare da lafiyayye guda cikin na Baba, kowanne bakinsa cikin kwalbar lemo. Ya ce tunda an goge musu suna, aikinsu zai faɗi danginsu: wanda ya zuba mai daidai da na Baba, shi ne ɗan'uwansa. Suka yi ta fesawa, sannan ya cire waya ya jera kwalaben a kan benci.

"To, mai mota, duba ka zaɓa," ya ce wa Baba.

Baba ya sunkuya. Ya daɗe a sunkuye, hancinsa ya kusa taɓa kwalba. Ya matsa dama, ya dawo hagu. Daga inda nake tsaye ina ganin inda man kowace ya tsaya. Can ya kira ni da sunan da yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

"Mama na, zo ki duba. Ni ban ga mai a ciki ba."

Malam ya daina murmushi, ya shiga goge hannu da tsumma. Baba ya sa hannu a baho ya ɗauko wani injekta, ya bi jikinsa da babban yatsa, ya tsaya a kan lambar. Rubutu ne ɓaro-ɓaro.

"Wannan ne lamban?" ya tambaya. Malam ya ce shi ne. "Na ji shi da hannu. Na ce tsatsa ne," in ji Baba.

Da na ce babu kwalbar da ta yi daidai, da magana ta ƙare, kuma na san Malam ba zai ƙaryata ni ba. Amma tausayi ya kama ni, bakina ya ƙi. Na nuna kwalbar da ta yi daidai. Malam ya ɗaura injektan, ya murza makulli, mota ta tashi lafiya lau, ba kakkarwa ba hayaƙi.

Baba ya karɓi makullin ya tsaya a ƙofar direba yana sauraron injin. Sannan ya zagaya ɗaya ɓangaren, ya miƙo mini makullin ta saman mota.

"Ranar Lahadi ke za ki kai mu. Amma kada ki gaya wa 'yan'uwanki sun ci nasara. Ki ce ƙafa na ne yana ciwo."

Abin da muka daɗe muna nema ke nan, kuma ban ji daɗinsa ko kaɗan ba. Na ja mota muka kama hanyar gida. Baba mutum ne da ko keke ka hau a gabansa sai ya gyara maka zama, don haka na yi ta jira ya ce ina gudu, ko na matse hannu da yawa. Da muka kusa kwanar gidanmu na hango wani rami a tsakiyar titi, na faɗa ciki da gangan don ya yi mini faɗa. Ya dafa gaban mota, ya tambaye ni mene ne muka taka.