Ranar da likita ta fitar da ni waje

Shekarun baya, lokacin da ciwon mahaifiyata ya ci ƙarfinta, ni na ɗauko ta daga Paki zuwa wani asibiti a Zariya. Ni ne ɗan fari, saboda haka ni ke gaba a komai. Har wani taku na koya, na mutumin da aka ɗora wa gida.

Wata safiya likitar da ke duba ta, 'yar kudancin Kaduna mai Hausa raɗau, ta ce mana maganin warkarwa ya daina aiki. Ko a ci gaba da shi duk da wahalarsa, ko a koma ga rage zafi da kula da ita a gida. Nan take na ce a ci gaba.

"Na ji naka, Malam," in ji ta. "Saura na Mama."

Abin ya ɗaure min kai. Ga ɗa namiji a tsaye, me kuma za a tambayi marar lafiya? Likita ta durƙusa gefen gado ta yi wa Inna bayani a hankali. Inna ta ja mayafi, ta juya fuska bango, ta ce, "Duk yadda suka ce."

Na ɗauka magana ta ƙare. Sai ƙanwata ta matso kusa da likita ta ce, "Ai ba za ta yi magana ba. Ɗan farinta ne, tun da ta haife shi kunyarsa take ji. Ko sunansa ba ta faɗa." Ta juyo gare ni. "Yaya, don Allah ka ɗan ba mu wuri."

Haka aka fitar da ni, mai gida guda, zuwa baranda, na zauna kusa da mai sayar da lemo. Haushi bai kai son sani yawa ba. Matar da ko ruwa take so sai ta aiko min ta bakin wani, me za ta ce yau? Ina jiyo muryarta ta taga, ta daɗe tana magana, amma ban kama ko kalma ɗaya ba.

Daga baya ƙanwata ta ba ni labari. Ashe Inna ta san inda aka dosa tun damina. Ta tambaya ko maganin rage zafin zai sa ta barcin da sallah za ta wuce ta, likita ta ce za a daidaita shi. Ta tambaya ko za a bar ta ta sha kunun tsamiya. Sannan ta ce gida take so, ɗakinta, inda jikoki za su shigo su fita.

Mun mayar da ita Paki, kuma a ɗakin nata ta cika bayan kaka, cikin hayyacinta.

Har yau ina mamakin yadda muka tashi gida ɗaya, ina ganin ni ne bakinta, alhali tsayuwata ce ke hana ta buɗe shi. Yanzu in na je dubiya na ga marar lafiya ya yi shiru, sai na duba waye ke tsaye a kansa.

Abu ɗaya ƙanwata ta ɓoye min sai bayan rasuwa. Wai da likita ta miƙe za ta fita, Inna ta riƙo hannunta ta ce, "Ni na shirya. Wancan na waje ne bai shirya ba, ku bi min shi a hankali."