Malam Zunnuraini Mai-Igiya da Hannunsa na Dama

An haifi Malam Zunnuraini a garin Riko ta ƙasar Jibiya da daminar shekarar 1951. Sunan mahaifinsa Malam Ɗantala, manomi, mahaifiyarsa kuwa Salmatu.

Karatu da sana'a

Ya sauke Alƙur'ani a shekarar 1966, makarantar boko kuwa ko ƙofarta bai leƙa ba. A hannun kawunsa ya koyi tufkar igiya da rama da kaba, sannan a 1972 ya kafa rumfa a Magama, dab da shingen iyaka, inda fataken shanu da masu jakuna daga Maraɗi suke tsayawa. Mutum ne mai taurin kai, ba ya yarda ko buta a ɗaukar masa.

Aure da zuri'a

A shekarar 1975 ya auri Malama Rabi'a 'yar Bugaje, Allah ya albarkace su da 'ya'ya biyar.

Lalura da jinya

A watan Oktoba na 2019, yana tsakiyar tufka, hawan jinin da ya daɗe yana raina maganinsa ya fasa masa jijiya a ƙwaƙwalwa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Bayan sati uku a asibiti a Katsina aka dawo da shi gida, inda 'ya'yansa, saboda tsananin biyayya, suka hana shi taɓa komai: su ba shi tuwo a baki, su yi masa alwala, har ƙuda su ke kore masa. Wata huɗu ana haka, hannun sai ƙara ƙandarewa yake yi, dattijon kuma ya daina fita don kunyar miƙa wa mutane hagu.

A watan Fabrairu na 2020 autarsa Mufida ta mayar da shi asibiti, inda Malama Dabora, ma'aikaciyar motsa gaɓoɓi, ta yi musu bayanin cewa akwai ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da aikinsu shi ne kwashe jinin da ya taru, kuma waɗanda suka mutu ba za su dawo ba, amma maƙwabtansu suna iya buɗe wa saƙo sababbin hanyoyi, kamar yadda mutanen Jibiya suka yi da aka rufe iyaka. Sharaɗin shi ne a riƙa bin hanyar kullum, in ba haka ba ta shafe.

Washegari Mufida ta ajiye masa kwano, ta ɗora hannun damansa a kai, ta koma gefe. Tuwo ya zube a riga, yayanta Ummaru ya kira ta marar imani, dangi suka yi mata ca, ita kuwa sai ta shiga ɗaki ta yi kukanta ta fito ta sake zubo wani. Dattijon ne ya raba gardamar da harshensa mai nauyi: "Ku ƙyale mani ɗiyata. Mi kuka maishe ni, jinjiri?"

Babban yatsa ya motsa da azumin shekarar. Bayan wata tara ya kai loma baki da kansa. A 2021 ya koma rumfarsa, ya tufka igiyar farko, karkatacciya wadda ko akuya ba za ta ɗaure ba, amma ranar duk wanda ya gifta sai da ya tsaya suka yi musabaha.

Rasuwa

Ya rasu ranar Talata, 12 ga Maris 2024, bayan gajeriyar rashin lafiya, yana da shekara saba'in da biyu, aka yi masa sutura a maƙabartar Magama bayan sallar la'asar. Ya bar matarsa da jikoki goma sha tara da 'ya'ya biyar: Ummaru, Fati, Sadiq, Ma'u da Mufida. Wasiyyarsa guda ce, cewa duk wanda ya zagi Mufida a shekarar jinya ya je ya nemi gafararta. Kafin a naɗe tabarmin makoki, Ummaru ya riga kowa durƙusawa a gaban ƙanwarsa. Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka makwancinsa.