Ƙofar Gareji da Na Toshe

Motata ta shekara biyu da mutuwa kafin in yarda ta mutu. Da 'yan gwangwan suka janye ta, garejin gidana a Bukkuyum ya zama wurin kwanan kaji da ajiyar buhunan gero. A daminar ne gwiwoyin Inna suka ƙi. Tun rasuwar Baba tana zaune a rugar yayanta, Kawu, can wajen Gwashi, inda asibiti ya yi nisa, hanya kuma idan an yi ruwa ko ɗan kabu-kabu sai ya yi shawara da zuciyarsa. Wata uku ina lallashi kafin ta ce za ta zo ta gani. Gani kawai fa. Na san halinta, idan ta koma ba mai sake fito da ita.

Ni malamin firamare ne, ban taɓa ɗora bulo a kan bulo ba. Matata ta ce in kira magini. Na ce magini na me? Ɗakin uwata da hannuna zan yi shi.

Babbar ƙofar garejin titi take kallo, ta yamma. Na ce haba, tsohuwa ɗakinta a buɗe bakin titi, kowane mai wucewa ya leƙa? Na cire ƙofar, na toshe wurin da bulo. Ginin ya karkace, na rushe, na sake. Sannan na fasa sabuwar ƙofa ta gabas, cikin tsakar gida. Baƙin man da mota ta bari a ƙasa na goge shi da toka da yashi har tafin hannuna ya saluɓe, na yi sabon daɓe, na shafa fenti. Wallahi da na gama sai da na tsaya ina yaba kaina.

Inna ta iso, ta shiga da sandarta, ta dubi sama ta dubi ƙasa.

"Allah shi yi albarka," in ji ta. "Ɗaki ya yi kyau."

Daga nan ta fito ta shimfiɗa tabarma a zaure. Nan take wuni. Ƙorenta na nono, waɗanda ba ta rabuwa da su, suna nan ɗaure cikin zane a bakin ƙofa, ta hana a kwance.

Kaina ya ɗaure. Na ce warin mai ne, na sa turaren wuta har kaji suka gudu. Na ce zafi ne, na buga silin. Na ɗauko waya na auna alƙibla, daidai take. Kullum idan na tambaye ta sai ta ce ɗaki ya yi kyau. To idan ya yi kyau me ya hana a zauna cikinsa? Har matata na tsare, na ce ko wata magana ta faɗa mata. Ta kalle ni ta ce in je in tambayi fentina. Ta kwana biyu ba ta yi mini magana ba, kuma da gaskiyarta.

Ana nan sai Inna ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ran kasuwa in Kawunka ya zo, mu koma tare."

Tsoro na ji, ba wani abu ba.

Ranar kasuwa Kawu, yayan nata, ya zo. Na ja shi ɗakin, na ce don Allah ya nuna mini laifinsa. Ya tsaya a tsakiya, ya juya.

"Ina yamma?"

Na nuna masa bangon da na gina sau biyu.

"To mi yak kai ka toshe ta? A ruga ƙohwa yamma take kallo, can garke yake. Uwarka tun da anka haihe ta ba ta taɓa zama ɗakin da yab ba shanu baya ba."

"Kawu, waɗanne shanu? Titi ne fa, sai rumfar mai faci!"

"Ni dai na hwaɗa maka."

Raina ya ɓaci. Na ce to me ya hana ta faɗa tun ranar farko? Kawu ya yi dariya har da riƙe gemu.

"Ɗan boko ke nan. Kai da ko sunanka ba ta hwaɗi don kunyar ɗan hwari, ta buɗe baki ta ce aikinka bai yi ba?"

Na ɗauko guduma na hau bangon da duka, ina huci, ban ma san da wa nake fushi ba. Bulo shida suka zube waje, rana ta shigo. Ƙarar ce ta taso Inna daga zaure. Ta dogara sanda ta zo ta tsaya a bakin ramin. Ni ma na leƙa ta bayanta. Titi, tsofaffin tayu, mai faci yana hura iska. Ko akuya babu.

Ta daɗe a tsaye. Sai ta kira matata.

"Ɗiyata, kwance man ƙoren can, ki jera su nan."

Daga baya na sa taga a wurin, a karkace kamar sauran aikina. Har yau ban san abin da Inna take gani ta cikinta ba, kuma ban da bakin tambaya. Da la'asar ɗin ranar Kawu ya hau kabu-kabu ya koma Gwashi shi kaɗai.