Tsayuwar Baba a Gona

Mahaifina ya rasu bai bar hoto ba, sai na katin ɗan ƙasa, shi ma ruwa ya cinye fuskar. Lokacin ina Tasawa ina koyon zane da fentin mai wajen wani tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, mutum mai ƙarancin magana da yawan tsaki. Na ƙudura a raina zan zana Baba a gonarmu ta Korgom in kai wa Inna. Tsorona ɗaya ne, kada ta duba ta kasa gane shi.

Malamin ya koya mini in fara da sama, sannan ƙasa, mutum a ƙarshe. Jan rairayin jigawarmu ya ba ni wuya ƙwarai, sai da na ɓata ƙyalle uku kafin launin ya zauna. Na sa gawon da ke bakin iyaka, ba ganye, yadda yake da damina. Na sa gero ya kai gwiwa. Da na zo kan mutum, sai na kwaikwayi manoman da ke cikin littattafan malamin, duk a duƙe suke da gajeriyar fartanya. Ni da na tashi a gonar nan, ban ko tsaya na yi tunani ba. Har yau ina jin kunyar abin.

Na ɗaure zanen a bayan babur na kai gida. Inna ta daɗe tana kallo.

"Gonar tamu ce," ta ce. "Amma wanga ba ubanka ba ne. Yaushe ka taɓa ganin shi duƙe? Tsaye shike noma, da hauya."

Gaskiya ta faɗa. A ƙasarmu mai rairayi hauya doguwar ƙota gare ta, mutum yana tura ta gaba yana tafiya, bayansa a miƙe.

Na koma Tasawa na kankare mutumin da wuƙa. Fentin mai ba ya son gaggawa, sai da na jira wurin ya bushe. Sannan na tsayar da Baba, malafa a ka, kafaɗarsa ta hagu ta ɗan sauka kamar yadda take tun faɗuwarsa daga amalanke.

Na sake kai shi gida. Wannan karon Inna ba ta ce ya yi kama ba. Ta kai hannu kusa da shi, ta janye, ta goge ido da bakin zanen da take ɗaure da shi.

"To ina ni?" ta ce. "Ka bar shi cikin rana shi ɗaya. Bai taɓa kai azahar a gona ban kai mishi hura ba."